Sunan da Ban Faɗa Ba a Managil

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Hannuna ba shi da kyau, don aji huɗu na yi na tsaya, amma ba shi ya hana ni ba. Labarin ne duka yake rataye a kan suna ɗaya, kuma sunan nan bakina ba ya faɗinsa. Sau uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Sai Iya, uwar maigidana, ta ce, "To ki kewaye shi mana da hannu, yadda kike kewaye shi da baki." Shi ne na zauna.

Sunana Ruqaya. Ƙauyenmu yana yamma da birnin Managil, a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu. Kowace damina awakin mata suna mutuwa. Mai allurar dabbobi yakan zo, amma a gindin darbejiyar masallaci yake tsayawa, don baƙon namiji ba ya shiga gida, kuma awakinmu a cikin gida suke. Bara Iya kaɗai ta rasa huɗu.

Sai wata ƙungiya ta aiko cewa kowane ƙauye ya tura mace ɗaya Managil, a koya mata kwana goma. Wadda ta gama za a ba ta shahada, wato takardar shaida, da jaka: sirinji, ma'aunin zafi, da ɗan tarmus na ajiye magani da sanyi. Jaka ɗaya ce ga ƙauye ɗaya. Idan macen ba ta gama ba, ƙauyen ya rasa.

Baba, uban maigidana, shi ne shehun ƙauyenmu. A gaban mutane ya ce, "A tura matar autana. Tana karanta lamba, kuma akuya ba ta gudunta." Ina bayan zana ina jinsa. Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Sunansa kuwa, sunan kakan Manzon Allah ne, tsira da aminci su tabbata gare shi. Iyakar abin da zan iya cewa ke nan. Ko yaro aka sa wa sunan a ƙauyenmu, "mai sunan Baba" nake ce masa.

Mun tafi a bayan bokis, motar a-kori-kura, a kan buhunan albasa, ni da Yaya Asabe ta ƙauyen da ke gabas da mu. Ta girme ni da shekara goma, kuma muryarta tana ƙetare tur'a ba ta gaji ba. Ita ta riƙe takardar kwatance, ta miƙo mini.

"Karanta mana, 'yar makaranta."

Na karanta masauki: gidan Hajja Barakatu, unguwar Hausawa, ƙofa shuɗiya. Da na zo wurin da za a yi karatun, sai na tsaya. An rubuta cewa wani gida ne ba shi da allon suna, a bayan gidan burodin wane. Wanen nan mai sunan Baba ne.

"Bayan me?" in ji Yaya Asabe.

"Bayan gidan burodi."

"Na wa? Gari guda burodi ɗaya ake toyawa?"

Na nuna mata da yatsa. Wani dattijo da ke kusa ya karanta mata. Ta dube ni, ta fashe da dariya har tana dukan buhu. "Lallai kin ga ta kanki! Surukinki ya riga ki zuwa birni ya buɗe furun yana gasa burodi!"

Mu shida aka sauke a gidan Hajja Barakatu. Tsohuwa ce gajera, mai fura, wadda 'yan gari ke zuwa saye da kwanoni suna ce mata godo-godo. Ta jera mana gadaje na igiya a ƙarƙashin rumfa, kowa da wurin rataye tob ɗinta, lafayar da muke yafawa. Tulu biyu ne, ɗaya na sha, ɗaya na alwala, kuma ta ce wadda ta haɗa moɗarsu za ta ji daga gare ta.

Da yamma aka kawo faranti: kisra, wainar dawa shara-shara, da miyar kuɓewa busasshiya. Hannu biyar suka faɗa masa. Ni ban saba ci da baƙin ido ba. Na yi loma biyu, na janye.

"Tsuntsuwa aka turo mana?" in ji Yaya Asabe. "Ci, ke! Wa zai riƙe miki bunsuru gobe?"

Na ce na ƙoshi. Hajja ta tashi ta bar mu. Can sai ta kira daga madafa, "Ke, 'yar doguwar nan, zo ki fifita mini wuta." Na je, na tarar wutar tana ci da kanta. Ta tura mini kwano a bayan ƙofa, ta juya mini baya tana kankare tukunya. Nan na ci abincina har kwana goma, ban da rana ɗaya. Ni kuma nake taya ta daka gero bayan la'asar.

Daga gidan zuwa wurin karatu tafiya ce ta wajen minti arba'in. Sauran matan suna tafe suna kallon shaguna, Yaya Asabe tana gaisawa da mutanen da ba ta sani ba. Ni dugaduganta nake bi, kaina a ƙasa. Ban san kalar ko ƙofa ɗaya ba. Amma na san inda amalanken jakuna masu ruwa ke ɗiga, na san wani gidan tururuwa a gindin katanga, na san wani faffaɗan wuri a babban titi inda ƙasa ta tsattsage, hannu zai shiga. Na san kuma idan ƙasa ta fara yin fari da toka, mun iso.

Mai koya mana Ustaza Malak ce, 'yar garin Kamlin, siririya mai gilashi. Ba ta jin Hausa. Ranar farko ta tsaya ta ce da Larabci, "Ƙarfe takwas ake rufe ƙofa. Makara ɗaya, na rubuta. Makara biyu, ki koma gida ki gaishe su. Maganin nan ba ya jiran kowa, zafi yana kashe shi, don haka wadda ba ta san lokaci ba ba za ta riƙe shi ba."

Karatun bai ba ni wuya ba. Lamba ce, da hannu. Da hantsi ake kawo mana wake, ful, a babban kwano da man riɗi, da burodi mai zafi daga maƙwabta. Kullum sai Yaya Asabe ta gutsuro ta miƙo mini. "Ungo, na surukinki ne, ba a ƙin abin suruki."

Rana ta uku, wankin kofunan shayi ya faɗo a kaina. Yaya Asabe ta ce, "Ki same mu a hanya, ai kin gane." Na ce to. Ban yi minti biyar ba na fito. Ashe ranar kasuwa ce. Motocin albasa da na gawayi sun cika titi, an shimfiɗa tabarmi da buhuna ko'ina. Ƙasar da na sani duk an rufe ta. Na ɗaga kai, na ga ban taɓa ganin garin nan ba.

Na yi gaba, na dawo. Na shiga wani lungu, ya fitar da ni wurin masu walda. Na ga wata mai shayi a gindin bishiya, na daɗe tsaye kafin na matsa, na gaishe ta.

"Gidan burodi nake nema."

"Wanne? Bakwai ne a nan."

Sunan yana bakina. Wallahi na ji shi a kan harshena. Baba yana can nesa, ba wanda ya san ni a wurin. Amma sai na ji kamar an ce in cire tob a tsakiyar kasuwa. Na ce, "Wanda aka sa wa sunan kakan Annabi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Yarinya, hanya kike tambaya ko jarrabawa kike yi mini? Faɗi sunan in nuna miki." Mazan da ke shan shayi suka juyo. Na ja tob na rufe fuska, na wuce.

Na yi ta tafiya har gidaje suka yi ƙaranci. Can na ga wani dogon tudu siriri, miƙaƙƙe kamar bakin tur'a. Tsohuwar hanyar ƙaramin jirgin auduga ce, an daɗe da kwashe ƙarfunan. Awaki na kwance a kai. Ƙafata ta san irin wannan, sai na hau, don kawai in ji ina taka abin da na sani. Na bi shi ina kuka a hankali. Ban san iya tafiyar da na yi ba, sai na ga toka a gefen tudun, an zubo ta daga bayan wata katanga. Iska ta kawo mini ƙamshin burodi.

Tara da rabi na shiga. Ustaza Malak ta dubi agogo, ta rubuta. "Ɗaya, ya Ruqaya." Ba ta tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

A hanyar komawa Yaya Asabe ba ta bar ni na sha iska ba, har muka shiga gida tana yi.

"Hajja, ki ji mini! Jakar gari guda za ta salwanta saboda suna! Ke, faɗe shi yanzu, mu kaɗai ne. Faɗa wa tulun nan. Ni ma ina da suruki, amma in na ɓata a birni, wallahi har kakansa zan kira!"

"Ke dama bakinki ba shi da murfi," in ji Hajja. Tana mulmula fura, ba ta ɗago ba. "Shekara talatin da ɗaya na yi da mai gidan nan, har ya koma ga Allah bakina bai taɓa sunansa ba. Na mutu? Ga ni."

"Ke ba ki da jarrabawa, Hajja."

Da muka keɓe a madafa, Hajja ta ce, "Ɗiyata, in dawa ta yi tsawo ta rufe ki a gona, wa kike tambaya hanya?"

Na ce ba kowa.

"To."

Daga ranar, in na gama daka, sai in ce mata zan miƙe ƙafa. In bi babban titi har gidan burodin, in dawo ta kan tudun jirgi. Na gano tudun yana wucewa bayan unguwarmu, lungu biyu kawai tsakani. Ya fi titi nisa kaɗan, shi ya sa ba mai binsa sai awaki. Na riƙa duba ƙasar yadda babana ya koya mini tun ina ƙarama, in za mu ba gona ruwa: nan ya yi tudu, nan ya yi kwari, nan ruwa zai kwanta. Ba don wani abu nake yi ba, haka idona ya saba. Ban ƙara makara ba. Ranar Juma'a Hajja ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka, ranar ce kaɗai na zauna a faranti da su, na ci har Yaya Asabe ta ce a riƙe mini hannu.

Rana ta goma ita ce ta jarrabawa. Da asuba aka kece da ruwa, na farko mai ƙarfi a shekarar. Muka ja gadaje ɗaki muna salati. Kafin rana ta fito ya ɗauke, amma da Hajja ta buɗe shuɗiyar ƙofar, lungun ya zama kogi. Wanda ya san baƙar ƙasarmu ya san abin da nake nufi. In ta sha ruwa, tana cire wa mutum takalmi, tana zaunar da jaki.

Wata a cikinmu ta ce a jira raksha, keken haya mai ƙafa uku. Hajja ta ce ba rakshar da za ta fito yau. Wata ta ce ai Ustaza za ta yi uzuri. Yaya Asabe ta ce, "Waccan? Ko ruwan ɗufana aka yi sai ta dubi agogo." Ta naɗe tob ɗinta. "Yalla, titi. Mu kama."

Su ba wadda aka taɓa rubuta wa makara. Ni nawa ya rage ɗaya. Na tuna wurin nan mai tsaga a babban titi. Ƙasa ba ta yin irin wannan tsagar sai inda ruwa ya saba kwana. Na ce, "Yaya, titi ba zai biyu ba."

Ba ta ji ba. Na sake faɗa, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Duk suka juyo.

"Gaban masu gawayi kwari ne. Ruwan zai kai ƙugu. Akwai wata hanya ta baya, ta tudu."

"Ke?" in ji Yaya Asabe. "Ke da kika ɓata da rana tsaka, ke za ki ja mu?"

"A ɓatan na gan ta."

Hajja ta shiga madafa ta fito da muciyarta, doguwar, ta sa mini a hannu. "Ku bi ta. Ku duka kun yi kwana tara kuna kallon shaguna, ita tana kallon ƙasa. Yau ranar ƙasa ce."

Muka cire takalma, muka ɗaure da littattafai a ka. Na shiga gaba. A lungun farko na bi gindin katangar da gidan tururuwa yake, don tururuwa ba ta gini inda ruwa ke ci. Ruwan bai wuce idon sawu ba. A lungu na biyu akwai rami da na sani, na masu bulo, yanzu ruwa ya shafe shi. Na riƙa caka muciya ina cewa, "Nan. Ku sa ƙafa inda na cire tawa." Yaya Asabe ta ga kamar ina ɓata lokaci, ta yanke ta gefe. Ƙafa ɗaya ta nutse har gwiwa. Mu uku muka ja ta, tana ihu tana tsine wa masu bulo da iyayensu. Daga nan ba ta ƙara kaucewa daga bayana ba, har tana riƙe da gefen tob ɗina.

Da muka hau tudun, sai ga shi a bushe kamar tabarma, awakin unguwa duk sun taru a kai. Daga can muka hango babban titi. Wata lori ta nutse a daidai wurin nan har rabin taya, maza sun kewaye ta, ruwa a ƙugunsu. Sai can Yaya Asabe ta ce, "Hm." Tun da na san ta, ban taɓa jin ta yi gajeriyar magana haka ba.

Muka sauka ta kan tokar gidan burodi. Mai gadin wurin karatun yana share ruwa a ƙofa, ya gan mu, laka har gwiwa, takalma a ka. Ya dubi agogonsa. Takwas saura goma.

Ustaza Malak ba ta iso ba sai takwas da rabi, a kan amalanken jaki, gilashinta duk feshin laka. Ta tarar da mu shida zaune a benci, mun wanke ƙafa, mun buɗe littafi. A cikin mata ashirin da biyu, mu kaɗai ne. Ta tsaya tana dubanmu.

Yaya Asabe ta ce da Larabci, "Ɗaya, ya Ustaza."

Na so ƙasa ta buɗe. Amma Ustaza ta cire gilashi tana dariya, ta ce a rubuta. Ta ce tun da ita ma ta makara, za a jira sauran zuwa azahar. Sannan ta tambaya ta ina muka biyo. Yaya Asabe ta ba ta labari duka, tun daga bokis, ta ƙara gishiri. Kafin azahar ta yi, mai gadi ne ya je ya nuna wa sauran hanyar tudu.

Ni aka fara kira. Aka kawo wata baƙar akuya mai tsalle. Na sa gwiwa a kafaɗarta, na yi mata magana a kunne yadda nake yi wa na Iya, ta tsaya. Na auna zafinta, na karanta lamba, na ja magani daidai layi, na ɗaga fatar wuya na sa allura. Ustaza ta ce, "Tamam," wato ya yi daidai, ba ta ƙara komai ba, kuma an ce ba kowa take gaya wa haka ba.

Da yamma ta zauna cike takardun jaka. Ta tambayi sunana, na faɗa. Sunan ƙauye, na faɗa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Sunan shehun ƙauyen da za a damƙa jakar a hannunsa?"

Alƙalaminta yana jira.

Sai na ji hannu a kafaɗata. Yaya Asabe ta faɗi sunan, cikakke, har da na ubansa, da muryar nan tata da ke ƙetare tur'a. Ta ce, "Rubuta, Ustaza. Ita ce ƙafata, ni ce bakinta." Ustaza ta rubuta.

Na mayar wa Hajja muciyarta a wanke. Ta ƙunsa mini fura a ƙwarya, ta ce in kai wa Iya, kuma in na sake zuwa Managil kada in kuskura in sauka wani gida.

Kwana biyu muka jira hanya ta bushe. Kafin in isa, labarin ya riga ni, don direban bokis ya ji shi daga bakin Yaya Asabe. Mata suka cika gidanmu suna taɓa jakar, suna buɗe tarmus suna leƙawa. Maigidana ya sa shahadar a leda ya rataye sama da gado. Bayan la'asar na ji takun Baba a bayan zana. Ya yi gyaran murya, ya kira Iya.

"An ce wata ta gwammace ta kwana a titi da ta kira ni," in ji shi. Na ji yana ƙoƙarin danne dariya. Sannan ya ce, "Ki gaya wa likitar gidan nan, jar akuyata tana tari kwana uku. In tana da lokaci."

Iya ta juyo ta dube ni, ni da ke zaune taku biyu daga gare ta, ta maimaita mini duka kamar ban ji ba.

Washegari bayan sallar asuba na tafasa ruwa na wanke sirinji. Na duba tarmus, da sauran sanyinsa. Na rataya jakar, na ja tob na rufe kai, na bi ta bayan rumbu zuwa turken Baba. Yana zaune a tabarmarsa da carbi, sai ya juya fuska wajen katanga. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa katangar. Sannan na kama jar akuyar, na sa gwiwa a kafaɗarta, na fito da ma'aunin zafi.